Daga Mora zuwa tsibiran Lagdo: jirgin ruwa bai san jadawalin malamin makaranta ba

Ranar wata Talata ce, ina koya wa 'yan ajin ƙarshe na firamare labarin ƙasa. Na zana da'ira a allo, na kewaye ta da layuka masu lanƙwasa, na ce musu wannan shi ne tsibiri, wato ƙasar da ruwa ya zagaye ta ko'ina. Suka maimaita da Faransanci, suka kwafa a littafi. Sai wata yarinya da ke zama a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kai ka taɓa taka shi da ƙafarka?"

Na yi dariya, na ce ta bari sai an tashi. Amma gaskiyar magana ban taɓa ba. Tun da na fito daga makarantar horon malamai a Marwa nake zana wannan da'irar kowace shekara, kuma iyakar ruwan da na sani shi ne na mayo, wanda ke cika da damina, ya koma yashi da rani har yara su buga ƙwallo a cikinsa.

Abin da ya ƙara ba ni kunya, ni ɗan fataken kifi ne. Baba ya yi shekaru yana bin hanyar Waza, Dabanga, Maltam, Makari har Blanguwa, inda kogin Shari ke dab da zubawa a Tafkin Chadi. Daga can yake shiga jirgi zuwa Darak da Kofiya, ya saro banda, ya kawo Mora, wani ya wuce da ita Banki. Muna yara sunayen nan kamar na ƙauyukan kakanninmu suke a kunnenmu. Kullum alkawarinsa ɗaya ne: in na gama makaranta zai kai ni. Na gama, na kama aiki, sai rikicin Boko Haram ya zo ya rufe hanyar. Duk wanda ke yankin nan ya san harin da aka kai Darak a watan Yunin 2019. Yau babu uban da zai kwashi 'ya'yansa ya nufi can da sunan yawon buɗe ido. Baba kuwa ya daina ambaton tafkin gaba ɗaya.

To, tambayar yarinyar nan ce ta sa na ƙudura cewa ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu sai mun taka tsibiri, kuma ba ɗaya ba. Na so mu yi irin abin da nake gani a waya, mutane na tashi daga wannan tsibiri su sauka a wancan, su kwana, gobe su ƙara gaba.

Da farko teku na hango. Akwai Manoka, tsibirin da ke bakin kogin Wuri, wanda shi ne gunduma ta shida ta birnin Duwala, ana shiga jirginsa daga Yupwe. Na ɗauki alli na yi lissafi a bayan ƙofa: mota daga Mora zuwa Gaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wata motar zuwa Duwala, mutum huɗu, zuwa da dawowa, ga masauki ga abinci. Kafin in kai ƙarshen ƙofar albashin wata uku ya tafi. Na goge.

Wani abokina da muka yi makarantar malamai tare, wanda aka tura aiki Lagdo, shi ya dawo da ni hanya. Ya ce a waya, "Kai da ke da teku a bayan gida, me ya kai ka Duwala?"

Lagdo dai kowa a Arewa ya san sunanta, ko don wutar lantarki. Madatsar ruwa ce a kan kogin Binuwai, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa. 'Yan Sin ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, tsayinta mita 40, tsawonta mita 308, da injuna huɗu masu ba da megawat 72 in ruwa ya wadata. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai murabba'in kilomita 586. 'Yan'uwanmu na Najeriya su ma sun san sunan, amma ta wata fuskar: duk lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar, mutanen Yola, Makurɗi da Lokoja sai su shiga zullumi, musamman tun ambaliyar 2012 da ta 2022. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a jihar Adamawa don ta tare ruwan, har yau ba a kammala ta ba. Abin da ban sani ba shi ne a cikin tafkin akwai tsibirai, wasu da mutane a kai. Ɗaya ana ce masa Madagaskar, wani kuma ana kiransa da sunan rema, saboda remayen da ke cikin duwatsunsa.

Nan halin malanta ya motsa. Na ja layi a takarda kamar mai rubuta jadawalin mako. Rana ta farko, Mora zuwa Marwa kilomita 60, Marwa zuwa Garwa kusan 210, a kwana. Rana ta biyu, Lagdo, jirgin ƙarfe tara zuwa Madagaskar. Rana ta uku, tsibirin remaye. Rana ta huɗu, wani tsibirin masunta, a dawo. Na sa tafiyar a watan Agusta, tsakiyar babban hutu. Na ɗauki hoton takardar na tura wa abokina.

Dariyarsa har yanzu tana kunnena. Ya ce, "Malam, wane ne ya faɗa maka akwai jirgin ƙarfe tara? Kuma Agusta? Kana da gāba da iyalinka ne?"

Ya ba ni shawarar in zo ni kaɗai tukuna in gani da idona. Haka na yi a hutun zango na biyu, ƙarshen Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa mutum ya tuba daga zunubin da bai yi ba.

Abu na farko da na koya a bakin ruwan Lagdo shi ne jirgi iri biyu ne ga baƙo. Akwai na haya, wanda ke bin ranakun kasuwa, yana kwasar mutane da kaya tsakanin gari da matsugunan masunta. Wannan ba ya tashi sai ya cika, kamar motar tasha, kuma mai shi ne kaɗai ya san ma'anar cika. Akwai kuma shata, ka ɗauki jirgi da direbansa, ya kai ka inda kake so, ya jira ka. Jirgin da zai ɗauke ka daga wannan tsibiri ya sauke ka a wancan bisa lokaci sananne, kamar yadda ake yi a ƙasar Girka ko tsakanin Darussalam da Zanzibar, babu shi. Jiragen suna zuwa gari ne su koma gida, don masunta ba su da abin yi a tsibirin maƙwabta da ya wuce gaisuwa. Wato jadawalina ya mutu tun kafin in jiƙa ƙafa.

Saboda sauƙin kuɗi na fara da na haya. Na biya, na shiga, na zauna a kan wani katako. Dogon jirgi ne na katako da inji a baya. Ina zaune aka loda buhunan masara, aka loda gishiri, aka jera jarkokin mai, aka ɗora babur, aka ƙara wani. Mata suka shigo da goyo da kwanduna. Aka miƙo akuya biyu. Duk abin da aka ɗora sai in ga bakin jirgin ya ƙara kusantar ruwa. Na sa hannu na auna: yatsa huɗu ne tsakanin katakon gefe da ruwa. A tsakiya kuma wani yaro na kwarfar ruwa da yankakkiyar jarka, alhali ko motsawa ba mu yi ba. Na duba ko'ina ban ga rigar kariya ko ɗaya ba.

Na miƙe na ce zan sauka. Wallahi na sha dariya. Wata dattijuwa ta ce da Fulatanci, "Ku bar shi, ɗan dutse ne." Yaron jirgi ya ce kuɗi in ya shiga ba ya fita. Na bar masa.

Don kada in yi wa kowa ƙarya, na bincika daga baya, jirgin nan ya isa lafiya, kuma mako mai zuwa ma haka zai yi lodi ya isa. Waɗannan mutane ba wawaye ba ne, sun fi ni sanin ruwan nesa ba kusa ba, kuma ba su da wata hanyar kai masara gida. Sai dai lissafin da ke kaina daban ne. Na tuna jirgin da ya kife a yankin Darak a ƙarshen Nuwamban 2024, aka rasa aƙalla mutum 20. Na tuna na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu suna dawowa daga biki. Na tuna Joola, babban jirgin Senegal da ya kife ranar 26 ga Satumban 2002 a hanyarsa daga Zigancor zuwa Dakar, ɗauke da fiye da ninki uku na mutanen da aka ƙera shi ya ɗauka, mutum 1,863 suka tafi. Allah ya jiƙansu. Ko waɗanne daga cikinsu sun sha isa lafiya kafin ranar. Wanda dole ta sa shi shiga, uzurinsa a fili yake. Ni kuwa yawo na zo, kuma yara nake shirin kawowa.

Ina tsaye a gaɓa ina jin kunya sai wani dattijo da ke gyaran koma a inuwa ya yafuto ni. Bakatsine ne asalinsa, ya ce tun ana cika tafkin iyayensa suka zo da shi. Ya ce, "Malam, zauna. Ba ka yi laifi ba." Shi ya haɗa ni da ƙaninsa mai jirgin shata, kuma shi ya koya mini yadda ake cinikin.

A nan ba da nisan tafiya ake ciniki ba, da litar mai ake yi. Ka tambayi lita nawa za a ƙona zuwa da dawowa, ka san farashin lita a ranar, sannan a yi maganar ladan direba da na jira. Mu 'yan Arewa mun san zuwa-zuwa, man da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarka, mun kuma san yadda farashinsa ya yi tsalle tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023. Wannan tsallen ya shiga kuɗin jirgi kai tsaye, don haka duk wanda ya ba ka farashin da ya biya shekarun baya, ka gode masa kawai. Dattijon ya ce in ga man dawowa da idona a cikin jirgi kafin a tashi, in duba akwai filafili ko da inji zai mutu, in biya rabi a gaɓa, rabi in mun dawo. Ya ƙara da cewa in yi maganar jira a gaban shaida, don direba na iya sauke ka ya ce bari ya je ya dawo, ya samo wani lodin, kai kuma kana can kana kallon rana tana faɗuwa.

Washegari bayan sallar asuba muka tashi. Ruwan a kwance yake lumui, kamar an shimfiɗa tabarma. Ban san haka shiru yake a tsakiyar ruwa ba in an kashe inji. Muna tafe direban yana karkata hagu da dama ba tare da na ga dalili ba, sai da na tambaya ya nuna mini kan wani kututture da ya ɗan leƙo. Ya ce ƙarƙashinmu daji ne da gonaki da ruwa ya cinye, itatuwan suna nan tsaye. Da rani in ruwa ya ja baya sai su matso kusa da sama, su da duwatsu, kuma su ne ke fasa cikin jirgi. Can nesa ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa kamar tukwane a kife. Dorinai ne. Muka ba su hanya sosai.

Da muka doshi tsibirin remaye sai na ji wani abu ya kama ni. Dutse ne. Dutse irin namu, manyan curarrun duwatsu a kan juna, da itatuwa a tsakankaninsu, da remaye na shan hantsi kamar yadda suke yi a bayan garinmu. Ashe tsibiran Lagdo kawunan tsaunuka ne da ruwa ya cinye gindinsu lokacin da aka toshe kogin. Na zo daga nisan kilomita fiye da 300 don in ga abin da ban taɓa gani ba, na tarar da dutsen Mora tsaye a cikin ruwa.

Madagaskar kuwa gari ne na masunta. Kada mai karatu ya rikice kamar yadda ɗalibaina suka yi, ba babbar Madagaskar ta tekun Indiya ba ce, aron suna ne. Cikin awa biyu da na yi a can na ji Hausa, na ji Fulatanci, na ji Musgum, na ji Larabcin Shuwa da Faransanci. Hayaƙin banda ko'ina, ga karfasa da tarwaɗa a shanye, ga wata giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗaga ta. Ƙanshin nan shi ne ƙanshin rigar Baba in ya dawo daga tafiya. Direban ya fara kai ni wurin mai garin muka gaisa, ya ce haka ake yi, kuma kada in ɗauki hoton kowa sai na tambaya. Na ga hikimar hakan. Wurin gidan mutane ne, suna cikin aikinsu.

Wajen hantsi ya ce mu koma. Na ce ai da saura, ya nuna mini fuskar ruwa ta fara yamutsewa. Kafin mu iso gaɓa igiyar ruwa na dukan gefen jirgi tana fantsamo mana. Ba wata babba ba ce a wurinsa, amma ni na riƙe katako da hannu biyu, ina tunanin jirgin jiya mai yatsa huɗu.

Batun lokaci shi ne ya fi ba ni wahala, don hutun malami ba shi ke zaɓa ba. Babban hutu, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, ya faɗa tsakiyar damina. Hadari kan taso cikin ɗan lokaci da iska mai ƙarfi, tafkin na cika, hanyoyi na lalacewa, sauro ya yi yawa. Hutun zango na biyu ruwa ya yi ƙasa, kututture sun fito, ga zafin da yaro ba zai jure ba a jirgin da babu rumfa. Saura hutun Disamba, mako biyu. Ruwa na nan da yawa bayan damina, sama ba hadari, gari da sanyi. Shi ma da nasa: iskar hunturu da hazo, wanda kan rufe gaɓa har direba ya kasa hango dutsen da yake saiti da shi. Dattijon ya ce maganinsa sammako, kuma in aka wayi gari hazo ya yi kauri a haƙura. Saboda haka na ƙara kwana ɗaya a lissafi wanda ba a shirya komai a cikinsa ba, na jiran ruwa ne. A wurin mai albashi irin nawa kwana ɗaya na banza ba ƙaramin abu ba ne, amma na sa shi.

Kwana a tsibiri kuma na soke shi. Za mu sauka gidan abokina a Lagdo, mu fita da asuba mu dawo kafin azahar, tsibiri ɗaya a rana, kwana biyu. In yaro ya kamu da zazzaɓi da dare, ina so ya zama akwai hanyar mota tsakanina da asibiti. Wanka a tafki babu shi, komai kukansu, saboda tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwan kwance. Ruwan sha daga gari za mu ɗauka. Gidan sauro, katin shaida, takardun haihuwar yara saboda shingayen hanya, duk mai ɗakina ta haɗa su a jaka guda tun yanzu. Tafiyar ta kai ta kasaru, wannan ma sauƙi ne.

Da aka koma makaranta na sake zana da'irar, amma wannan karon na fito da yaran waje na nuna musu dutsen Mora, wanda sojojin Jamus suka maƙale a kansa tun 1914 har Fabrairun 1916. Na ce su ɗauka ruwa ya malalo ya cinye kasuwar Lahadi, ya cinye makarantarmu da tasha, ya tsaya a rabin dutsen. Abin da ya rage a sama shi ne tsibiri. Yarinyar nan ta ce, "To Malam, mu ina za mu koma?" Na ce tambayar da mutanen kwarin Lagdo suka yi ke nan kafin 1982. Mun ci rabin awa a kan wannan, darasin lissafi ya sha kashi.

A gida aikin ya fi wuya. Mai ɗakina ta ce, "Malam, in babu rigar nan ta ruwa, ni da yarana ba inda za mu." Na ba ta gaskiya. A Garwa na nemo su, da ƙyar na samu masu girman yara, don ta manya in aka sa wa ƙaramin yaro zamewa take yi ta kansa. Guda huɗu na saya, kuɗinsu ya kusa na shatar jirgin. Inna kuwa har yanzu ba ta yarda ba. Ta ce mutum da lafiyarsa da aikinsa ya kwashi jikokinta ya kai su ruwa don kallo, wannan sabon salo ne.

Baba ne ban san yadda zan tunkara ba. Na same shi bayan la'asar a zaure, na nuna masa hotunan a waya. Ya daɗe yana kallon na bandar. Ya tambayi irin katakon jirgin, ya tambayi ƙarfin injin, ya tambaya ko direban yana shiga da ɗansa. Na ce yaron da ke riƙe igiya ɗansa ne. Ya gyaɗa kai. Ya ce karfasar ba ta kai ta Darak girma ba, kuma wutar bandar ta yi yawa, za ta karye a buhu. Ya miƙo mini wayar, ya ɗauki carbinsa.

Har na kai bakin ƙofa ya kira ni. Ya ce, "Rigunan nan guda nawa ka ce ka saya?"

Na ce huɗu, Baba.

Ya ce, "In za ka Garwa ka ƙaro ɗaya. Babba."